Tauraron Burma a Kasuwar Kurmi

(Rumfar kayan gargajiya a Kasuwar Kurmi. Bakano na goge wani ƙarfe da toka. Bazazzagi ya tsaya, tabarau a kan hanci, jaka a hammata.)

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. An ce kana da kayan sojan Burma.

BAKANO: Marhaba da bawana! Ka zo inda ake nema. Ko takalmin Hitila kake so, ka ba ni zuwa la'asar.

BAZAZZAGI: Hitila bai je Burma ba. Da Japan aka gwabza a can, a Yaƙin Duniya na Biyu.

BAKANO: To ai shi ya sa takalmin bai cinye ba. Zauna, ga jar dara. Da ita wani saje ya yi yaƙin tun daga farko har ƙarshe.

BAZAZZAGI: Jar dara a cikin kurmi? Wannan hular fareti ce, ana haɗa ta da jar falmaran. Wanda ya sa ta a dajin Arakan na Burma ai kiran harsashi yake yi. Kuma ina tambarin bishiyar kwakwa na rundunar sojan Afirka ta Yamma?

BAKANO: Akuya ta cinye.

BAZAZZAGI: Tambarin ƙarfe?

BAKANO: Akuyar Kano ce, Malam.

BAZAZZAGI: Kakana yana runduna ta 81, waɗanda suka shiga kwarin Kaladan a 1944, ana jefo musu abinci daga jirgin sama. Alamarsu a kafaɗa baƙin gizo ne a kan rawaya. 'Yan runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Kana da ko ɗaya?

BAKANO: Gammo dai akwai, na ɗan dako ne, amma za mu daidaita. Gizo kuma...

BAZAZZAGI: Bar shi, ga shi zaune a gabana.

BAKANO: Allah ya shirye ka. (Ya leƙa hagu da dama, ya zaro ƙulli daga aljihu.) Wannan ba kowa nake nuna wa ba. Tauraron Burma, lambar yabo ta ainihi. Naira dubu ɗari uku, don kai ne.

BAZAZZAGI: Miƙo. Ta gaskiyar tagulla ce, tsininta shida.

BAKANO: Ƙirga! Wallahi ƙirga!

BAZAZZAGI: Ɗaya, biyu... shida ne kam.

BAKANO: Allahu akbar! Yau boko ya ba ni gaskiya.

BAZAZZAGI: Sai dai ita lambar kanta ce ke da siffar tauraro. Taka kuwa zagayayya ce kamar ƙuli-ƙuli, an zana mata tauraron a ciki. Ƙyallen da ake rataye ta da shi ja ne a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Wannan mene ne?

BAKANO: Mazagin wando ne. Yanayin yaƙi, ka san babu kaya.

BAZAZZAGI: Wannan hujin na tsakiya fa?

BAKANO: Yawwa, ka zo wurin! Harsashin Japan ne. Ya taho zai fasa ƙirjin bawan Allah, lambar ta tare.

BAZAZZAGI: Wato an ba shi lambar tun kafin a gama yaƙin, ya rataya ya koma daji. Harsashin kuma ya huda ta tsaf a tsakiya, ya wuce. To ina ya tafi bayan ya wuce?

BAKANO: Ai shi ya sa magada ke sayarwa.

BAZAZZAGI: (Ya juya bayanta.) A ta gaskiya harufan Sarkin Ingila Joji na shida ne a gabanta. Nan sunan Sarauniya Elizabeth na gani, ita kuwa sai 1952 ta hau gado, yaƙi ya ƙare tun 1945. Ga shekara ma, 1959. Alhaji, kwabo ne! Kwabo mai huji, irin wanda kakata ke sayen ƙosai da shi a Tudun Wada.

BAKANO: To shi ƙosan ba tarihi ba ne?

BAZAZZAGI: Ka je Kaduna ka ga barikin Dalet da na Kalapanzin, ka zo Zariya ka ga na Chindit, duk sunayen yaƙin Burma ne. Mutane sun bar ƙasusuwansu a can, kai kana nan kana goge kwabo da toka.

BAKANO: Allah ya jiƙansu. To yanzu nawa ka saya?

BAZAZZAGI: Farashinsa na rubuce a jikinsa. Kwabo ɗaya.

BAKANO: Albarka. (Ya ɗaga murya.) Kai yaro! Kai wa maƙeri wannan, ya yanke gefen ya bar tsini shida. Malam, kafin ka tafi, shi Jojin da wane harafi yake farawa?