Gasar bolin ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba tana mutuwa a Amurka

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wasan bolin nan Amurka, wato wasan gara ƙwallo a kayar da sanduna goma, shi ne kuɗin shiga gasa kullum hawa yake, kyauta kuma sai ƙanƙancewa. Ka biya kuɗin rajista, kaso mai tsoka ya tafi hayar layin da ake gara ƙwallo, wani ya tafi hidimar masu shiryawa, ɗan abin da ya rage shi za a raba. Mutum ya tuƙo mota daga wata jiha, ya kama ɗaki a otal, ya zo na uku, amma abin da ke cikin ambulan ko kuɗin mai bai mayar ba. Wa zai dawo baɗi?

A ƙarshen shekarun 1970 masu rajista a ƙungiyoyin bolin na ƙasar sun kai wajen miliyan 9. Yau USBC, hukumar bolin ta ƙasar, wadda aka kafa a 2005, da ƙyar take riƙe da miliyan ɗaya da 'yan kai. Masu gidajen wasa sun gane cewa bikin zagayowar ranar haihuwa da fitilu masu walƙiya sun fi kawo kuɗi, sai suka tura 'yan gasa daren Talata.

Ga kuma masu ha'inci, waɗanda ke zubar da maki da gangan duk kakar wasa don a ƙara musu makin tallafin da ake bai wa masu rauni ranar gasa. Dattijon da ya shekara talatin yana kayar da sanduna goma da gaskiyarsa ya ga haka sau biyu, sai ya rataye jakarsa a gareji. Masu shiryawa sun san su sarai, amma tsoron rasa kuɗin rajista ya hana su magana.