Juma'ar da ke raba ’yan golf da kuɗinsu

Idan ana zancen Tiger Woods, abin da ake fara lissafawa shi ne manyan kofuna 15 da gasa 82 da ya lashe a PGA Tour, babban jerin gasannin golf na Amurka, inda ya yi kunnen doki da Sam Snead. A ganina akwai adadin da ya fi waɗannan nuna ko shi wane ne: daga 1998 zuwa 2005, gasa 142 ya buga a jere ba a sallame shi a tsakiya ba.

Sai an san yadda ake cin abinci a golf kafin a gane nauyin wannan. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da albashi ko da a benci ya wuni. Ɗan golf kansa yake yi wa aiki. Gasar da aka saba yi ramuka 72 ce, 18 kullum, daga Alhamis zuwa Lahadi. Da yammacin Juma'a, bayan rami na 36, ake tankaɗe da rairaya: a tsarin yanzu mutum 65 masu ƙarancin bugu, da duk wanda ya yi daidai da na ƙarshensu, su ke wucewa. Sauran su koma gida ba su samu komai daga kuɗin gasar ba, alhali jirgi da otal da koci duk daga aljihunsu ne. Mai ɗaukar jaka ma sai ya karɓi ladansa na mako. In an samu kuɗi kuma, a al'ada yana da kashi 5 cikin ɗari, 7 in an shiga goman farko, 10 in an ɗauki kofi.

Abin da ke kayar da mutum ba shi da yawa. Ana raba ’yan wasa rukunin safe da na rana, washegari a musanya. Wanda rabonsa ya faɗo Juma'a da rana yakan tarar iska ta taso, ciyawar bakin rami ta bushe ta sha takun ƙafa, ƙwallo ba ta tsayawa inda ta sauka. Da ya ga yana bakin iyakar sallama sai ya fara auna tutar da ke cikin rami kai tsaye maimakon tsakiyar filin, nan ne ƙwallo ke faɗawa ruwa, tarar bugu ɗaya. In ta fita haddi abin ya fi muni: ga tara, ga komawa inda aka buga. Gaggawar neman bugu ɗaya ta cinye biyu.

Masu suka na cewa wasu daga cikin 142 ɗin gasa ne da ba a sallamar kowa. Haka ne. Amma wanda ya riƙe tarihin kafinsa, Byron Nelson, a 113 ya tsaya, kuma tun 2005 babu wanda ya ƙara kusantar Woods.

Shi ya sa ban gamsu da tsarin da LIV Golf, kishiyar PGA Tour, ta zo da shi a 2022 da kuɗin asusun zuba jarin Saudiyya ba, inda ba a sallamar kowa, ko na ƙarshe ke da rabo. Ga ɗan wasa mai iyali rufin asiri ne, ba na musu. Ga mai kallo kuwa, an cire fargabar da ke sa hannun ƙwararre rawa a kan bugun da bai wuce taku biyu ba.

Jerin na Woods ya yanke ne a watan Mayun 2005 a jihar Texas, a gasar da ke ɗauke da sunan Byron Nelson ɗin. A ramin ƙarshe na ranar Juma'a ya kuskure, bugu ɗaya ya hana shi wucewa.