Alhaji Ya Je Sarin Gwanjo

(Wani ƙaton sito ne a ƙasar waje, cike da firji, injinan wanki, talabijin da kwalaye har rufi. An jingina kwantena da bakin ƙofa. ALHAJI ya shigo, DILLALI na gaba yana nuni, GWANI mai gyara na biye da mitar gwaji a hannu, TANKO yaron Alhaji na ɗauke da jaka.)

DILLALI: Alhaji ranka ya daɗe, ka ga wannan tsibin? Talabijin 400 ne cif. Ba a gwada su ba, shi ya sa na samo maka su da araha. Ka kwashe gaba ɗaya kafin wani ya riga ka.

ALHAJI: Madalla. Tanko, buɗe jaka.

GWANI: Tanko, rufe jaka. Malam dillali, wancan abin da ke jikin bango, ba soket ba ne?

DILLALI: Shi ne.

GWANI: To mutum yana da soket a bango, yana da talabijin 400, kuma ya san wadda ta kama ta fi tsada, amma ya kasa jona ko guda? An gwada su sarai. Masu rai an ware su can gefe, wannan tsibin ragowar ce.

ALHAJI: To ai ko rabi suka tashi na ci riba.

GWANI: Yi lissafin da kyau, Alhaji. Idan 200 ne suka mutu, su ma ka biya kuɗinsu, ka biya masu lodinsu, ka biya musu gurbi a jirgi, ka biya musu fito. Jirgin ruwa ba ya tambayar wace ce mai rai. Kowace mai rai tana goye da gawa ɗaya, kuma a kanta za ka ɗora kuɗin.

TANKO: Maigida, wannan ta kama! Ina jin magana amma babu mutane.

GWANI: Kawo tocila. Haska gilashin daf da daf. Ka ga inuwar hoto?

TANKO: Ga su can a duhu suna motsi.

GWANI: Fitilun baya ne suka mutu, wannan gyara ce mai sauƙi, a ajiye ta ɓangaren masu jinya. Wadda gilashinta ya tsage kuwa, ko mai layi-layi daga sama har ƙasa, a bar musu, don gilashin shi ne kusan duk kuɗin talabijin. Kowacce a kunna ta, a sa mata farin hoto, a sa baƙi, a sa ja, a duba tabo. A gwada kowace ƙofar HDMI. A bar ta minti 20 tana aiki, don akwai masu mutuwa sai sun ɗauki zafi.

ALHAJI: Minti 20 sau 400? Malam, kwana za mu yi?

GWANI: Goma-goma ake jerawa. Kuma ka karanta bayanta kafin ka jona. Tanko, me aka rubuta a wancan injin ɗumama abinci?

TANKO: 100V.

DILLALI: Kayan Japan ke nan, Alhaji, garau, kamar ba a taɓa amfani da su ba.

GWANI: Garau ne, a can. Wutar Japan 100 ce, ta Amurka 120, ƙasar da za ka kai kayan kuma 230. Ka jona wannan kai tsaye, hayaƙi za ka sayar. Abin da za ka nema shi ne wanda aka rubuta 100–240V, 50/60Hz, kamar yawancin cajojin kwamfuta da na waya. Shi ko'ina ya je ci zai yi.

ALHAJI: Sai in haɗa wa kowane mai saye da taransifoma.

GWANI: Injin da ke jan wat 1,000 zuwa sama, taransifomarsa sai ta fi shi ƙarfi, ga nauyi, ga tsada, wani lokaci ta fi injin kuɗi. Kuma taransifoma ƙarfin wuta take ragewa, ba ta canza bugunta. Motar lantarkin da ke juya inji, wadda aka ƙera don bugun wuta 60Hz, idan ta samu 50Hz, gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa zafi. Talabijin ma haka: ta Amurka da ta Japan kowace da irin tashar da take kamawa, ba irin ta Turai da ƙasar da za ka kai kayan ba. Da dikoda za ta yi, da eriya kaɗai shiru. Rediyon Japan kuwa FM ɗinsa daga 76 yake farawa, tsofaffin a 90 suke tsayawa, duk tashar da ke sama da nan ba zai ji ta ba.

DILLALI: Malam, kai dai ba ka son ciniki ya faɗa.

GWANI: Ina so ya faɗa, ba a kan Alhaji ba.

(An ji ƙarar guduma. Tanko ya ɓalle murfin wani injin wanki.)

TANKO: Maigida, an cuce mu! Siminti suka cusa a ciki don ya yi nauyi!

ALHAJI: La'ilaha illallahu! Dillali, har da bulo?

GWANI: Ajiye gudumar, yaro. Daga kamfani yake zuwa da shi, shi ke hana injin rawa idan yana matse kaya. Shi ya sa guda ɗaya ke kai kilo 60 zuwa 80. Abin dubawa daban ne. Sa hannu ka juya gangar. In ka ji gurnani kamar ana niƙa, boris ya tafi, a bar shi. In ta juya shiru, a kunna shi ya matse babu kaya a ciki. Sannan a buɗe matatar da ke ƙasa a zubar da ruwan da ya kwanta. Ka ga ramukan nan na baya, uku ko huɗu? Na kusoshin tafiya ne, su ke ɗaure ganga. Masu gida sukan jefar da su ranar da suka sayi injin. In babu, a cusa soso ko kwali a danne gangar, in ba haka ba makonni za ta yi tana dukan jikin injin a kan teku.

ALHAJI: To firji fa? Su nake so in cika da su. A kwantar da su a jera har sama, na lissafa za su shiga 100.

GWANI: A tsaye ake loda firji. In ka kwantar, man kwampireso ya gangara cikin bututu. Wanda dole ta sa aka kwantar, sai ya yini ya kwana a tsaye kafin a jona shi. Lissafin kuma ga shi: kwantena mai ƙafa 40 doguwar nan, cikinta mita 12 ne da ɗan kai, faɗi mita 2.35, tsayi kusan 2.7. Firji mai faɗin santimita 60, zurfi 65, tsayi 170, uku ne ke shiga a layi. Layi 20, firji 60 a takarda. Ka sa kwali tsakaninsu, layi ɗaya ya tafi, saura 57.

ALHAJI: A cire kwalin.

GWANI: Sai su isa a goge, ka sayar da su a farashin masu tabo. Akwai kusan mita ɗaya a samansu, nan za ka sa marasa nauyi: fanka, dutsen guga, tukwane, katifu. Santimita 40 ɗin da ya rage a gefe, talabijin ne za su shiga a tsaye, fuska da fuska, kwali a tsakani. Kada a kwantar da ko ɗaya, kada a ɗora musu komai. Rimot da ƙafa a ɗaure su a bayan kowace, a rubuta lamba ɗaya a jikinsu, don rimot 200 a buhu guda ba mai iya raba su.

TANKO: Maigida, wannan firjin wari yake.

DILLALI: Ƙamshin ƙasar waje ne.

GWANI: An rufe shi da danshi ne. A wanke, a bushe, a bar ƙofar a ɗan buɗe kafin ranar lodi. Sa takarda a bakin ƙofar ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ta saki, sanyi zai riƙa gudu. Juyo bayansa. Ka gani? R12. Tsohon gas ne da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina, kwastan na ƙasashe da yawa ba sa barinsa ya shiga. Nemi R134a ko R600a. Kuma kafin ka sayi ko ɗaya, ka tambayi dokar ƙasar da za ka kai. Ghana tun 2013 ta hana shigo da tsofaffin firji, komai kyansu.

DILLALI: Wannan mai sauƙi ne, Alhaji. Sai a rubuta a takarda kayan gida ne na wanda zai koma ƙasarsu.

GWANI: Mutum ɗaya mai firji 57?

ALHAJI: Iyali ne da shi.

GWANI: Ranar da aka buɗe kwantenar za a nemi iyalin. Abin da ke ciki shi za a rubuta: takardar ciniki, jerin kaya ɗaya bayan ɗaya da lambar kowane, da takardar gwaji mai nuna ranar da aka kunna shi da wanda ya kunna. Wannan ta ƙarshen ita ke raba kayan gwanjo da shara. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta hana a tura wa wata ƙasa shara mai guba ba da izininta ba, kuma mataccen kayan lantarki da ba shaidar gwaji, shara ake ɗaukarsa. Waɗancan tsofaffin talabijin masu ƙusumbin ma kada ka taɓa, gilashinsu akwai dalma. In aka kama, a mayar da kwantenar inda ta fito, kuma kai za ka biya mata kuɗin komawa.

ALHAJI: Ta je ta dawo? Ni ko sau ɗaya ban gama biya ba!

DILLALI: To bar manya, ga ƙanana. Kwalin wayoyi da kwamfutocin cinya, kilo-kilo ake sayarwa.

GWANI: Kunna wannan. Ka ga tana neman asusun mai ita? iPhone ɗin da mai ita bai cire asusunsa ba, sai dai a sayar da gilashi da murfi. Kwamfutocin ofis kuma sau da yawa an zare musu ma'ajiya kafin a sayar, wasu an kulle su da kalmar sirri tun daga farkon kunnawa. A buɗe kowace a ga ma'ajiya da RAM suna nan. Wadda murfinta ya ɗago, batir ne ya kumbura, a fitar da ita daga sito ma. Batirin lithium yana cikin kaya masu haɗari, rukuni na 9, dole a sanar da kamfanin jirgi. Ka ɓoye, ya kama wuta a tsakiyar teku, ba kwantenarka kaɗai za a tambaye ka ba.

ALHAJI: To Malam, na ji. A zaɓa, in biya, in tafi masauki. Dillali ya loda ya turo min hoto.

GWANI: Hoton bakin ƙofa zai turo maka. Layi biyu na gaba masu sheƙi, mita goman da ke ciki kuwa abin da muka ƙi ne yau. Ba a cinikin biri a sama, Alhaji. Duk wanda muka zaɓa a manna masa lamba, ka tsaya a loda a gabanka, a ɗauki hoton kowane layi. Kafin a fara, shiga cikin kwantenar a rufe ka, in ka ga haske ta wani wuri, ruwa ma zai gani. Masu nauyi a ƙasa, a raba su daidai gaba da baya. A rataya jakunkunan shan danshi a bango, don ƙarfe yana gumi idan an fito daga sanyi an shiga zafi, ya riƙa ɗiga a kan kaya. A ɗaure layin ƙarshe da igiya, kada ya faɗo wa mai buɗewa. Sai a auna nauyi, don tun Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyinta. Lambar hatimin ƙofa kuma ta zama ita ce a takardar jirgi, harafi da harafi. Takardun su riga jirgin isa, saboda kwanakin kyauta a tasha kaɗan ne, suna ƙarewa kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum.

DILLALI: Ni dai la'adata a kan 400 muka yi magana.

ALHAJI: A kan masu rai za a ba ka. Matattun ka je su biya ka.

(Bayan kwana uku. An gama lodi, an rufe, an buga hatimi, an auna. Gwani yana kwafe lamba.)

ALHAJI: Alhamdulillahi. Ina Tanko ya kawo jaka?

(Ana bugun ƙarfe daga ciki.)

TANKO: Maigida! Kun ce in riƙe talabijin ɗin nan kada ta faɗi, har yanzu ina riƙe!

GWANI: Sai a yanke hatimi, a sa sabo, a sake auna nauyi, a canza lamba a takarda.

ALHAJI: Duk da kuɗi?

GWANI: Duk da kuɗi.

ALHAJI: Malam, tafiyar nan kwana nawa ce?

GWANI: Alhaji!

ALHAJI: Tambaya na yi. A yanke. Tanko, kana ji na? A albashinka!

TANKO: To in saki talabijin ɗin?

ALHAJI, GWANI da DILLALI: Kada ka saki!