Sababbin wasanni a dandamali: a ba su lokaci

Madalla da ƙungiyar wasan kwaikwayon da ta ce sababbin wasanni kaɗai za ta nuna a zangon da ke tafe. Ba ƙaramar kasada ba ce, domin tsohon wasa da 'yan kallonsa yake zuwa, sabo kuwa sai ya nemi nasa. Amma marubuci ba ya gane inda rubutunsa ya yi rauni sai ya ji kalamansa a bakin ɗan wasa, ya ga jama'a sun yi tsit, ko sun fara gyara zama suna duba waya. Don Allah a ba su isasshen lokacin gwaji kafin ranar buɗewa. A kuma sa wasu wasannin da rana, saboda ɗalibai da masu nisan gida.