Kafin ki sayi shamfun ganye, juya kwalbar ki duba bayanta

'Yan'uwana mata, duk wadda ta shiga layin kayan kwalliya a kasuwar Garwa ko Marwa ko Injamena, ta san yadda shamfu masu hoton ganye suka cika kanta. Wannan na zogale, wancan na darbejiya, ga na shebe, ga na alobera, kowanne an buga masa "bio" ko "naturel" da manyan haruffa. Abin da ke damuna shi ne da hoton nan muke yin ciniki, alhali gaskiyar abin da ke cikin kwalba tana bayanta, a ƙananan rubutun da ba mai kulawa da shi.

Ƙa'idar rubutun nan ita ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a sauko kan waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Na farko kusan kullum Aqua ne, wato ruwa. Na biyu da na uku su ne masu wankin. Idan kika ga sunan ganyen can ƙasa, bayan Parfum (turare) ko bayan Sodium Benzoate (sinadarin adanawa), to ki sani ɗan yayyafi aka yi kawai don a samu hujjar manna hoton.

Masu wankin nan su ya kamata ki fara ganewa. Sodium Lauryl Sulfate da Sodium Laureth Sulfate su ke kawo kumfa mai yawa, suna kwashe datti da maiƙo tas, na farkon ya fi zafi. Gashinmu kuwa murɗaɗɗe ne, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa har baki cikin sauƙi, don haka dama a bushe yake. Ki haɗa wannan da iskar hunturu, ki kwashe ɗan maiƙon da ya rage, me kike tsammani idan mataji ya shiga? Akwai kuma Sodium Coco-Sulfate, wanda ake tallarsa da cewa daga kwakwa yake. Gaskiya ne daga kwakwa yake, amma ɗan gidan su lauryl ne, aikinsu kusan ɗaya. Masu sauƙi su ne Decyl Glucoside, Coco-Glucoside da Cocamidopropyl Betaine. Kumfarsu kaɗan ce, kuma kada wannan ya sa ki ƙara zubawa, domin yawan kumfa ba ya nuna kai ya fita.

Inda aka fi cutuwa shi ne shamfun da ake haɗawa a gida da sabulun salo, a narka shi, a zuba mai da turare, a ɗura a gora. Sabulun salo da toka ake yinsa, ma'auninsa na pH (ma'aunin tsami da kanwa: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa) yana kai 9 zuwa 10, gashi da fatar kai kuwa suna tsakanin 4.5 da 5.5. Kowane silin gashi yana da ɓawo a jikinsa, kwance bisa juna kamar na kifi. Abu mai kanwa-kanwa yana ɗaga ɓawon nan, sai sili ya riƙa kama ɗan'uwansa, gashi ya cukurkuɗe, ya yi kaushi, ya dinga tsinkewa wajen tajewa. Idan kuma ruwan rijiyarku ko burtsatsenku mai zartsi ne, sabulun yana haɗuwa da gishirin ruwan ya bar wani farin datti a kai, wanda da yawa ke ɗauka amosani ne su ƙara wankewa, abin ya ƙara lalacewa. Wadda ba ta da wani abin wanki sai shi, to ta ɗauraye da ruwa mai ɗan tsami: babban cokali 1 na ruwan khal a rabin lita na ruwa, ta zuba, ta bar shi minti 2, ta sake ɗaurayewa. Tsamin yana kwantar da ɓawon. Amma kada a zuba khal ɗin ko lemon tsami a cikin sabulun kansa, tsinkewa zai yi ya koma maiƙo.

Abin takaici, ganyen da ya fi dacewa da gashinmu yana nan a bayan gida. Karkashi, wanda a Cadi ake kira ambunu, yanzu har Turai da Amurka ake kai shi cikin leda. Yauƙinsa shi ne amfaninsa: yana lulluɓe sili ya ba shi santsi, ƙulli ya warware da yatsa ba tare da fizga ba. Ki zuba babban cokali 2 zuwa 3 na busasshen ganye a rabin lita na ruwan zafi, ki rufe minti 15, ki murza da hannu har ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ki tace da ƙyalle mai laushi. Tacewar nan kada ki raina ta, ɓurɓushin ganye idan ya shige cikakken gashi sai ya cinye miki yini. Ki raba kai gida huɗu, ki shafa daga tushe zuwa baki, ki warware, ki ɗauraye. Sai dai wankinsa mai sauƙi ne, ba zai iya fitar da man shanu ko basilin na sati uku ba. Garin ganyen kurna ya fi shi wanki domin yana da sinadarin kumfa na halitta irin wanda ke cikin aduwa, amma yana ɗan busarwa, shi ya sa haɗa su biyun ya fi.

Shebe kuma, 'ya'yan itace ne da ake soyawa a daka, a haɗa da kanumfari da mahalab. Matan Cadi suna kwaɓa shi da mai su shafa a jikin gashi, ba a fatar kai ba, su kitse su bar shi kwanaki. Gashi yana tsirowa kimanin santimita 1 a wata, da shebe ko babu. Abin da yake yi shi ne hana bakin gashi bushewa da karyewa, sai tsawon ya taru. To yaya abin da ke buƙatar kwanaki a jikin gashi zai yi aiki a cikin shamfun da za a ɗauraye bayan minti 3? Haka man kaɗanya da man kwakwa: a cikin shamfu yawancinsu bin ruwa suke yi. Man kwakwa yana shiga cikin sili, don haka ki shafa shi awa 1 kafin wanki, kaɗanya kuma bayan wanki, gashi da sauran danshi.

Ina jin wasu na alfahari da cewa nasu haɗin "babu sinadarin adanawa". Wannan ba abin yabo ba ne. Duk abin da aka haɗa da ruwa da ganye, a zafin Maris da Afrilu na yankinmu, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki tun kafin wari ya fito. Ruwan karkashi ki yi amfani da shi ranar da kika haɗa, a firij kuma kada ya wuce kwana 3. Sodium Benzoate da Potassium Sorbate da kike gani a ƙarshen jeri, su ke tsare kwalbar. Haka idan za ki sirka shamfu da ruwa, ki sirka na wankin ranar kawai a kofi.

Man kanumfari da na na'a-na'a masu ƙarfi suna ƙona fata: ɗigo 3 ya isa a babban cokali 2 na man riɗi, kuma kada a sa wa ƙananan yara. Kowane sabon haɗi ki ɗan shafa a bayan kunne, ki jira kwana 2, in ya yi ja ko ƙaiƙayi ki bar shi.

Idan gaban goshi ke cinyewa, ki fara duba tsaurin kitso. Yaron da gashinsa ke zubewa a zagaye da farin ɓawo kuwa, makero ne, yana zaune har cikin silin gashi inda darbejiya da shamfu ba sa kaiwa. Maganin sha yake buƙata na makonni, a kai shi asibiti, a kuma ware masa mataji da hula da abin aski.