Telan Napoli ya juya kaftanina

Wani dattijon tela a unguwar Chiaia ta birnin Napoli a Italiya ya tsayar da ni don ya ga aikin wuyan kaftanina. Ya shafa, ya yaba, ya kira yaronsa ya zo ya gani. Sai kuma ya ɗaga gefen rigar ya leƙa cikinta, ya ga zare na reto, bakin yadi ba a kalmashe ba. Bai ce uffan ba, ya sake rigar. Wannan shirun nasa ne ya sa ni rubutun nan.

In an ce sutura a Italiya, Milan kowa ke kira. Napoli kuwa mu dai Maradona da Osimhen muka sani, su kansu Italiyawan arewa kallon garin hayaniya suke yi mata. Amma kwat ɗin maza mara nauyi, wanda ake sawa kamar taguwa, a nan aka haife shi. A shagon da Gennaro Rubinacci ya buɗe a 1932, mai yankan yadi Vincenzo Attolini ya cire tulin audugar kafaɗa da yawancin shafin da telolin Ingila ke cusawa, saboda zafin garin.

Baƙon da ke neman teloli ya fara daga dandalin Piazza dei Martiri, ya bi titunan Via Filangieri da Via dei Mille. Kada ya tsaya ga shagunan gilashi kawai, domin da yawa daga telolin ƙwarai a saman bene suke, a cikin tsofaffin gidaje, sunansu ɗan mitsitsi jikin ƙararrawar ƙofa. Sai an danna, galibi ma sai an yi alƙawarin lokaci. A bakin teku, kan Riviera di Chiaia, akwai Marinella, shagon lakatayen da ke wurin tun 1914, faɗinsa bai wuce ɗaki guda ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya hau jirgin ƙasan Circumvesuviana zuwa Ercolano, kasuwar gwanjon Resina na nan tun zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma da sassafe ake kwance dila. Ƙananan shaguna da yawa kan rufe da rana tsaka sai wajen ƙarfe huɗu, watan Agusta kuwa, musamman kusa da 15 ga wata, teloli hutu suke tafiya. Wanda ya zo lokacin zai sha kallon ƙofofi a garƙame.

Kafaɗa ce ke fallasa ɗinkin Napoli. Suna yanka kan hannun kwat ya fi ramin da za a haɗa shi faɗi, sai a cusa rarar da allura a hannu, ta bar 'yan tattara a saman kafaɗa. Wanda bai sani ba zai ɗauka kuskure ne, alhali shi ke ba hannu damar motsi. Ramin hammata kuma a sama yake, a matse, don haka in ka ɗaga hannu rigar ba ta biyo ka. Aljihun ƙirji a lanƙwashe kamar kwalekwale, barchetta suke ce masa. Maɓalli uku ne amma na saman yana ɓuya a naɗin kwala, na tsakiya kaɗai ake ɓallawa. Don gane na gaske, juya ramin maɓalli: na hannu bayansa ba ya fita sumul, na inji gaba da baya ɗaya ne. Sannan ka tsunkuli gaban kwat ƙasa da maɓallin ƙarshe. In ka ji wani yadi na uku yana zamewa tsakanin yatsunka, ɗinka shi aka yi. In ka ji abu ɗaya mai tauri, manna shi aka yi da gam, kuma irinsa ne ke yin ƙuraje bayan an sha wanki da guga.

Babban kuskuren baƙo shi ne ya zo da kwana uku yana son tafiya da kaya. Bayan awo, za a kira ka gwaji na farko, rigar a harhaɗe da farin zare, ba aljihu ba maɓalli. A jikinka za a zana da alli, a warware, a sake. Gwaji biyu ko uku, makonni da dama. Kuma suna barin rarar yadi a cikin ɗinki, ko da mutum zai yi tumbi.

Ban ce ba su da aibi ba. Su ma suna saɓa alƙawari, kuɗinsu kuma dubban yuro ne. Kuma in ana maganar aikin allura tsantsa, ban ga abin da ya kama ƙafar aska takwas a shagunan nan ba. Duk ƙwarewarsu, yawancin abin da na ga suna ɗinkawa shuɗi ne da toka-toka. Amma a wajen gama aiki sun yi mana nisa, kuma ba na jin laifin telolinmu ne kaɗai. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi Getzner da aka saƙa a Ostiriya ba tare da ya nemi ragi ba, ya zo gun tela ana saura kwana biyar sallah ya tsaya ciniki kamar zai sayi tumatir. Wa zai zauna kalmashe cikin riga a haka? Wa ya taɓa yarda a kira shi gwaji sau biyu?

A nan Italiya, kamfanin ɗinki na Kiton, wanda Ciro Paone ya kafa a 1968, har makarantar koyar da matasa ɗinki ya buɗe a Arzano kusa da Napoli, kuma mai kwat yana faɗin sunan telansa da alfahari kamar sunan malaminsa. Mu kuwa in an yaba rigarmu, sunan shadda muke faɗa. Dattijon nan ya tambaye ni wa ya yi aikin wuyan, ya kawo takarda zai rubuta. Telan da ya haɗa rigar na sani, amma wanda ya zauna da allura ya yi aikin ban taɓa tambayar sunansa ba.