Akwatin da ya zo ƙwace wa Kaka aiki

(Maigida ya shigo falo da kwali a hammata yana ta washe baki. Kaka na zaune, Auta ɗan shekara 3 na kwance a ƙasa da wayar uwarsa a hannu.)

MAIGIDA: Maman Auta! Fito ki gani, yau dai na kawo ƙarshen rigimar waya a gidan nan.

UWARGIDA: Sannu da zuwa. Wace rigimar, ta yaron ko taka?

MAIGIDA: Ke matsalarki kenan, ba a kawo abin arziki ki ce madalla. Dubi nan.

KAKA: Meye wannan kuma kamar matashin kai an dasa masa kunnuwa?

MAIGIDA: Inna akwatin labari ne na yara. Ba gilashi ba hoto ba komai, murya kawai yaro zai dinga ji, idonsa ya huta.

KAKA: Au, rediyo.

MAIGIDA: Ba rediyo bace Inna.

KAKA: Tana magana?

MAIGIDA: Tana yi.

KAKA: Ana ganin mai maganar?

MAIGIDA: A'a.

KAKA: To rediyo ce, kar ka maida ni ƙaramar yarinya, ni na haife ka.

(Ɗan Boko ƙanen Uwargida ya fito daga ɗaki yana gyara tabarau, dama shi ba a fara magana a gama babu bakinsa.)

ƊAN BOKO: Inna bari in miki bayani a ilmance. Wannan shi ake kira Toniebox, wasu iyaye maza biyu ne a Jamus suka ƙirƙiro shi ya fito a 2016. Kinga ɗan mutum-mutumin nan? Akwai maganaɗisu a ƙafarsa da wani ɗan guntun abu a cikinsa da akwatin ke ganewa, kina ɗora shi a kai labarinsa zai fara, kina cirewa ya yi shiru. Akwai kuma wani na Ingila Yoto, shi kati ake zura masa.

KAKA: A sa abu ya yi magana a cire ya yi shiru. Kaset kenan.

ƊAN BOKO: Eh to, kusan haka, kaset ai tun 1963 kamfanin Philips ya...

KAKA: Ashe mun riga ku wayewa da shekara sittin kenan, kun sha gudu kun sha gudu kun dawo inda kuka bar mu.

MAIGIDA: Kai faɗa musu maganar likitocin nan da ka faɗa min.

ƊAN BOKO: Yauwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin kwata-kwata, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi.

UWARGIDA: To ɗan shekara 40 fa, awa nawa suka yanka masa?

MAIGIDA: Ni aiki nake da tawa.

UWARGIDA: Eh wallahi, jiya ma har ƙarfe ɗaya na dare ina jin aikin yana ihun an ci ƙwallo.

(Maigida ya yi kamar bai ji ba, ya ɗora ɗan mutum-mutumin zaki a kan akwatin. Shiru.)

MAIGIDA: Ya ban ji komai ba?

ƊAN BOKO: Ai Yaya sai an haɗa shi da wifi tukuna, ka sauke manhajarsu a wayarka ka buɗe akawun, karon farko sai ya jawo labarin daga intanet ya adana, bayan nan ko babu data zai yi.

UWARGIDA: Tsaya tsaya. Abin da aka siyo don a rabu da waya, shi ma sai da waya yake tashi?

MAIGIDA: Minti biyar ne kawai.

(Bayan minti arba'in. Maigida ya manta fasuwod ɗin wifi, ya tuno, ya manta na imel, ya shiga neman saƙon lambar sirri ya ɓige da kallon wani bidiyo. Auta ya shige cikin kwalin da aka ciro akwatin yana tuƙa mota abinsa.)

KAKA: Ga shi nan dai yaron ya rabu da waya. Da kwalin kawai ka siyo ma ya isa.

(Can sai akwatin ya ɗauki waƙa. Auta ya fito da gudu.)

ƊAN BOKO: Zo in koya maka. In kana so ya ƙara murya ka matsa babban kunnen, in kana so ya rage ka matsa ƙaramin. In kana son waƙa ta gaba ka ɗan mari gefensa.

KAKA: Innalillahi. Mu a zamaninmu yaro ake ja wa kunne, yanzu an kawo wa yaro wanda shi zai ja wa kunne har ya haɗa da mari. Kuma ba ya ramawa?

ƊAN BOKO: Da laushi aka yi shi Inna, ko ya faɗi ba komai.

KAKA: Allah sarki bawan Allah.

(Bayan kwana huɗu. Uwargida ta ɗaure kai da ɗankwali tamau.)

UWARGIDA: Baban Auta, wai abin nan waƙa ɗaya ce a cikinsa?

MAIGIDA: Suna da yawa mana.

UWARGIDA: To ɗanka ɗaya ya sani, ta ukun nan, tana ƙarewa sai ya mari ɗaya gefen ta dawo farko, tun asuba yau na ƙirga sau talatin da wani abu na gaji na bari, ina wanki ina jinta ina kwance ina jinta, ɗazu na tsinci kaina ina amsa amshin ni kaɗai a bayi. Da wayar ce ai cajinta kan ƙare in samu lafiya.

ƊAN BOKO: Wannan yana kai wa wajen awa 7 kafin ya nemi caji, Yaya.

UWARGIDA: Wa ya tambaye ka?

MAIGIDA: Ni kaina jiya a wajen aiki oga na magana na ji bakina na yin ta. Amma dai kin ga kwana huɗu bai taɓa waya ba.

UWARGIDA: Wannan kam gaskiya ne, kuma da dare yana ji yana lumshe ido har ya yi barci ba kokawa. Ka dai shiga manhajar ka rage masa iyakar ƙarar, tunda an ce ana yi.

(Sai ga Auta da kuka, akwati a hannu, babu zaki a kai.)

AUTA: Zakina! Zakina ya ɓata!

(An ɗaga kujeru, an zazzage takalma, an leƙa ƙarƙashin gado. Kaka na zaune ko motsi, tana kallon silin.)

UWARGIDA: Inna, meye wannan ƙulle a haɓar zaninki?

KAKA: Magani ne.

UWARGIDA: Maganin ne mai jela?

KAKA: To ni na ɗauka, a yi min abin da za a yi. Tunda kishiyar nan ta shigo gidan nan mijina bai ƙara zuwa ya hau cinyata ya ce Kaka ba ni labari ba. Ku faɗa min, in yaro ya ce mata don me kura ta yi haka, tana amsawa? In ya ji tsoro tana sanin ta sassauta? Ni in na ga idonsa ya fara rufewa gajarta labarin nake in kashe dodon da wuri, ita kuwa ko ya yi barci zuba take kamar an buɗe famfo.

ƊAN BOKO: Ai akwai mafita Inna. Akwai ɗan mutum-mutumin da ba komai a cikinsa, ga shi nan ya zo a kwalin, ana ɗaukar muryar mutum da waya a ɗora masa, har minti 90 yana ɗauka. Sai ki shiga cikin akwatin da kanki.

KAKA: In shiga ɗakin kishiya?

UWARGIDA: Ki shiga ki kore ta Inna.

(Maigida ya danna ɗauka ya ajiye wayar gaban Kaka ya fita amsa sallama. Kaka ta yi labarin Gizo na minti goma, ta rufe, ta juya wajen Uwargida suka ci gaba da hirarsu. Da ya dawo bai saurara ba ya tura gaba ɗaya, hankalinsa na kan sakamakon wasa. Washegari ga Maƙwabci ya shigo.)

MAIGIDA: Alhaji ai tarbiyya sai da tsari. Ni gidana na hana kallon waya, doka ce. Auta zo ka sa wa Baba labarin Kaka ya ji.

(Auta ya ɗora. Akwatin ya ci gaba daga inda aka tsaya jiya.)

MURYAR KAKA: ...ƙurunƙus. To ya ƙare ko? Ke ni fa uban ne ke ban tausayi ba ɗan ba. Shekaranjiya ina masa magana yana eh Inna eh Inna ido na kan waya, na ce masa na sayar da motarka ya ce Allah ya sa albarka. Tun yana ƙarami haka yake, sai da ya kai shekara bakwai yana tsotson...

MAIGIDA: Cire! Auta cire shi!

(Auta ya rungume akwatin ya karkata shi gefe, ashe Ɗan Boko ya koya masa yadda ake mayarwa baya.)

MURYAR KAKA: ...na sayar da motarka ya ce Allah ya sa albarka...

AUTA: Wannan na fi so! Ya fi na zaki!

MAƘWABCI: Tsotson me aka ce? Ban ji ƙarshen ba.

MAIGIDA: Ina wayata, yanzun nan zan goge shi.

UWARGIDA: Doka ce fa, ka hana kallon waya a gidan nan.

KAKA: Mijina, matsa masa babban kunnen, Alhaji bai ji da kyau ba.